Anjalai, Mai Gadin Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin tekun Nandukuppam ya san Anjalai, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabo a haɓa, wadda ake ciniki da ita idonta yana wani wuri. Kana taya kifi tana ba ka amsa, amma kallonta ya tsallake kafaɗarka ya tafi kan ruwa. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Za ta tsuguna ta fara gyaran kifi, kafin ta gama uku ta miƙe, ta taka har inda ruwa ke lasar yashi, ta yi jim, ta dawo ta ɗauki wuƙarta. Baƙi sukan ɗauka wani take jira. 'Yan gari kuwa sun daɗe da daina tambaya.

Da can ba haka take ba. 'Yar masunta ce, an haife ta a bukkar da ba ta kai taku ɗari da ruwa ba, ta tashi tana jin ƙugin teku kamar yadda mutum ke jin numfashinsa. Tana da shekara goma sha tara ta auri Arumugam, wanda gidansu yake lungu na uku daga nasu. Mutum ne mai yawan dariya da muguwar murya, ga son waƙa. Bayan matarsa da 'yarsu ɗaya tilo, Ponni, ba abin da yake ji da shi kamar injin jirginsa. In ya dawo daga su sai ya wanke injin da ruwan rijiya, ya goge shi, ya lulluɓe shi da tsohon zanensa, kafin ya tuna shi ma bai yi wanka ba. Anjalai takan ce da injin nan ya iya dafa miyar tsamiya, da tuni an sallame ta.

Ita kuma aikinta shi ne na kowace matar garin. Da sassafe tana bakin ruwa tana jiran jirage. Ta cika daronta na dalma, ta ɗora a ka, ta shiga motar cikin gari, ta sha mitar kwandasta a kan ƙarni, ta zaga unguwanni tana talla har rana ta take. Abin da ya yi kwantai ta dawo da shi ta tsaga, ta barbaɗa gishiri, ta shanya. A wurin shanyar nan ne suke fama da maƙwabciyarta Tangam, wata gajeriya mai jiki wadda ta girme ta da shekara goma, bakinta kamar reza. Kullum sai sun yi cacar baki a kan wa ta shiga filin wa, kullum kuma sai sun ci shinkafar rana a kwano ɗaya.

Safiyar Lahadin nan ta ƙarshen shekarar 2004, Ponni ba ta gari. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin, ta tafi hutu wurin gwaggonta can cikin ƙasa. Jirage sun dawo da kifi mai yawa, bakin ruwa ya cika da mata, ana ta hayaniya. Abu na farko da Anjalai ta lura da shi shi ne ba karnuka. Karnukan da kullum sai an yi ta kora su daga bakin daro, ranar ko ɗaya babu. Ta faɗa wa Tangam, Tangam ta ce ai sun ji labarin kifinta ne suka gwammace yunwa. Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Wajen ƙarfe tara sai ƙarar teku ta ɗauke. Mutanen da suka saba da ƙara ba sa jin ta sai ranar da ta tsaya. Anjalai ta ɗaga kai, sai ta ga ruwa yana tafiya. Ba janyewar da suka saba gani sau biyu a yini ba ce, wadda take zuwa a hankali. Wannan da gudu yake ja da baya, kamar an fizge tabarma. Duwatsun da tsofaffi kawai ke ba da labarinsu suka fito fili, jiragen da ke kan ruwa suka kwanta a kan laka, kifi yana ta tsalle a ƙasa iya ganin ido. Ba wanda ya taɓa ganin haka, ba kuma wanda iyayensa suka taɓa gaya masa abin da hakan ke nufi. Sai mata suka zuba a guje cikin lakar, kowa da daronta. Anjalai tana cikin na gaba. Ta tsinci kifi har daron ya ƙi ɗauka, tana dariya, tana cewa yau teku ya yi kyauta.

Tana ɗora daron a ka ta ji wata ƙara daga can nesa, kamar jirgin ƙasa, alhali ba layin dogo a wajen. Inda sama ta haɗu da ruwa wani farin layi ya bayyana, yana kauri. Wata tsohuwa ta ce hazo ne. Tangam ta juya ta fara gudu, Anjalai ta bi ta. Gudu da daro a ka ba ya sauri, kuma ko a ranta bai zo mata ta yar ba, don hannu ya saba riƙewa. Sai da Tangam ta waiwayo ta kai wa daron duka ya kife, tana zaginta, sannan ta ji ƙafarta ta yi sauƙi.

Tsakanin bakin ruwa da makarantar gari, wadda ita kaɗai ce ginin bene a wurin, akwai wani surƙuƙin ƙaya. A nan ruwan ya cim musu. Ba shuɗi ba ne, baƙi ne, mai wari, ɗauke da katako da taru da rufin bukkoki. Ya buga Anjalai cikin ƙayar, wani ƙarfe ya tsaga mata haɓa, sarinta, dogon zanen nan da matan garin ke naɗawa a jiki, ya nannaɗe a rassa ya riƙe ta ƙam, ruwa yana wuce kanta. Mata da yawa a nan suka tsaya ranar, zane da dogon gashi suka riƙe su. Ita dai ba ta san yadda aka yi ba, hannunta ya kai ƙugu ya warware zanen, ta bar wa ƙayar. Ruwa ya ja ta ya maka ta a jikin katangar makaranta, wasu hannaye suka jawo ta sama. Da ɗan shimi da fatari ta hau rufin. Tangam tana can ta riga ta, tana aman baƙin ruwa. Ta yage rabin zanenta ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba.

Bayan kamar minti ashirin ruwan ya koma, ya bar gari a kwance. Mutane suka fara sauka daga rufin, kowa yana kiran sunan nasa. Anjalai ta tsaya a bakin rufin tana laluben bakin teku da ido, sai ta hango Arumugam. Da ransa. Ashe giginya ya kama. Yana tafe yana ɗingishi, yana ɗaga tarkace yana leƙawa, ta san ita yake nema. Ta ƙwala masa kira har sau uku kafin ya ji. Da ya gan ta sai ya ɗora hannu biyu a ka, ya yi dariyar nan tasa. Ya nufo makarantar, ya yi taku kaɗan, sai ya tsaya. Jirginsa ne ya gani a kife gefen hanya, injin yana nan a maƙale.

A bayansa kuwa, teku ya sake ja da baya, fiye da na farko.

"Baban Ponni, taho," in ji ta. "Ruwan ya sake tafiya. Zai dawo."

Ya ɗaga mata hannu, ya nuna injin, ya ce yanzun nan, ƙusa biyu ce kawai. Ta ce ya bar shi. Ya ce ai abin ya riga ya wuce. Ta yunƙura za ta sauka ta jawo shi, Tangam ta rungume ta ta baya ta zauna da ita a ƙasa. Igiyar ruwa ta biyu ta fi ta farko tsawo. Sai bayan kwana biyu aka samu gawarsa a cikin wata gonar shinkafa, nesa da gari.

A sansanin da aka tara su ne ta fara jin sunan abin, tsunami, daga bakin wasu masu rabon barguna. Suka ce girgizar ƙasa ce aka yi a ƙarƙashin ruwa, can wata ƙasa mai nisa, kuma ruwan ya yi wajen awa biyu yana tahowa kafin ya iso. Wannan maganar ta awa biyu ta fi komai tsaya mata a rai. Awa biyu ta isa mutum ya tafi cikin gari da ƙafa ya dawo. Ko minti goman da suka ɓata suna tsintar kifi ya isa kowa ya hau bene. Ta yi ta juya lissafin nan a kanta, tana dafa abinci tana yi, tana wanki tana yi, har Ponni ta fara tsoron shirun uwarta.

An gina musu sababbin gidaje nesa da ruwa, amma jirgi ba ya zama nesa da ruwa, mai jirgi kuma ba ya zama nesa da jirginsa. Kafin shekara biyu bukkoki sun koma bakin teku, kasuwar kifi ta ci gaba da ci a inda take. Anjalai ta sayi sabon daro ta koma talla, don ba ta da wata sana'ar. Sai dai zama ya gagare ta. Da wasu ma'aikata suka zo koya wa mutane alamomin haɗarin, ita ce a gaba. Suka ce in ƙasa ta motsa, ko ruwa ya janye da sauri ba lokacinsa ba, ko aka ji ruri daga teku, to kada a jira kowa, kada a ɗauki komai, a nufi tudu, kuma kada a sauko don an ga igiya ta farko ta wuce. Sauran mata suka karɓi lemo da biskit suka watse. Ita ta tsare malamin da tambaya har direbansa ya fara danna ham. In girgizar kaɗan ce fa? In mutum yana cikin jirgi a tsakiyar ruwa fa? Kurma fa, wa zai gaya masa? Da aka kafa jiniya a kan dogon ƙarfe kusa da ɗakin bauta, sai da ta sa aka gwada ta sau biyu a gabanta.

Wata safiya a shekara ta uku, ta ga ruwa ya yi nisa fiye da yadda ta saba gani. Ba ta tsaya tunani ba, ta juye kifinta, ta ɗauki daron ta hau bugu da ƙotar wuƙa tana cewa a gudu. Kasuwa ta watse. Wata mata ta faɗi ta karye a hannu, hankaki da karnuka suka yi biki a kan kifin mutane. Ashe babbar janyewa ce ta sabon wata, wadda kowane masunci ya san da zuwanta. Da yamma Sinnatambi, shugaban masunta, ya sa aka kira ta gaban dattawa. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ma ya rasa jikoki biyu a ruwan. Ya ce mata kowa a garin nan yana da nasa mamacin, amma ba za a bar mace ɗaya ta riƙa tayar wa mutane da tsohon ciwo duk ranar da ta ga dama ba. Daga ranar aka sa mata suna Jiniya. Yara suna kira, manya suna kira, Tangam ta fi kowa.

Abin ya yi mata ciwo, amma ta san da gaskiyarsu. Kwana uku ba ta fita ba. A rana ta huɗu ta je gidan Sinnatambin da kansa, ta zauna a ƙofa, ta ce ya koya mata ruwa. Ya ce 'yar masunta ce za a koya wa ruwa? Ta ce su mata kifi suka sani, ruwa na maza ne, ita kuma yanzu ba ta da namiji a gida. Sai ya fara yi mata bayani: yadda cika da janyewa suke bin wata, ranakun da ruwa ke yin nisa, da kuma cewa janyewar kirki awanni take ɗauka, ba ta fizga. Suka je tare ya nuna mata iyakar inda ruwa ke kaiwa a janyewa mafi girma ta shekara, ta kafa turken ƙarfe a wurin. Turken nan ne take tashi ta je ta duba. Muddin ruwa bai wuce shi da gudu ba, sai ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa maza suka sare surƙuƙin ƙayar nan bayan ta yi wata shida tana damunsu. Ta auna tafiya daga kasuwa zuwa makaranta da ƙafarta, sannan ta sake aunawa da ƙafar tsohuwa, ta samu bambancin ya ninka har uku. Ta san gidan da ke da kurma, da gidan da ke da mai shanyewar jiki, da wace ce ke da tsohon ciki. In amarya ta tare daga wani gari, kafin lallenta ya goge Anjalai ta zo ta ja hannunta ta bi da ita hanyar makaranta. Wasu suna godiya, wasu suna rufe ƙofa in sun hango ta. Ponni, wadda ta girma ta yi aure a nan garin, takan ce mata, "Inna, ki zauna ki ci abincin nan a zaune mana, teku ba zai gudu ba." Ita kuma takan ce ai gudunsa ne matsalar.

Shekara bakwai da 'yan watanni bayan ruwan, wata ranar Laraba cikin zafin bazara, wajen ƙarfe biyu na rana, Anjalai tana tsugune tana wanke kifi. Ba iska, ba wanda ya taɓa daron, amma sai ta ga ruwan ciki yana rawa, yana bugun gefe da gefe. Ta ɗora tafin hannu a ƙasa. Wani ɗan motsi ne, kamar babbar mota tana wucewa a nesa, sai dai ya ƙi ƙarewa. Ta ɗaga kai ta ga ƙararrawar ɗakin bauta tana lilo ita kaɗai. Ta dubi turke, ruwa yana inda ya kamata. Ta dubi jiniya, shiru. Tun safe aka ɗauke wuta, batirin kuwa gishirin iska ya daɗe da cinye shi.

Ta tsaya riƙe da wuƙa. Ta tuna matar da ta karye a hannu, ta tuna zaman gaban dattawa. Ruwa bai janye ba, ba ruri, yawancin mutane ma barcin rana suke yi ba su ji komai ba. Amma ƙasa ta motsa, kuma ta daɗe tana motsi. Ta juye kifin a yashi ta fara buga daro.

Sinnatambi ya fito daga rumfarsa yana ɗaura zane. Ya ce shi ma ya ji wani abu, amma a bari a ji daga hukuma tukuna, yanzu zai sa a buga waya.

"Kawu, ka buga wayar a kan bene," in ji ta. "In ƙarya ce, gobe ka tara dattawa ka kore ni daga garin. Yau dai a tashi."

Ya dube ta, ya dubi teku da ke kwance lafiya lau. Sannan ya juya ya ce wa samarin da ke gyaran taru su bi lungu-lungu su tashi mutane, waɗanda ke da waya kuma su gaya wa jiragen da ke can tsakiyar ruwa su tsaya inda suke, kada su nufo gaɓa.

Anjalai ta bi gidajen da ta haddace. Ta shiga ta girgiza tsohon kurman nan har ya farka, ta nuna masa hanya da hannu. Ta sa mutum biyu suka ɗauko mai shanyewar jiki a kan ƙyauren ɗaki. Ta tarar da Ponni, da cikinta wata takwas, tana ƙoƙarin cusa tukwane a buhu, ta ƙwace buhun ta jefar, ta tura ta gaba. Wata mata ta tsaya kulle ƙofa, wata tana neman akuyarta, wani yana son ya ja babur ɗin da ya ƙi tashi. Duk ta bi su da faɗa. Tangam ce ta fi ba ta wahala. Gwiwoyinta sun riga sun lalace, tana zaune a gindin shanyarta da sandar korar hankaki, ta ce ba inda za ta.

"Ke Jiniya, kifin kwana huɗu ne a nan. In ruwan ya zo ki ce masa ina gaishe shi."

"Yaya, tashi."

"Da wace ƙafar? Ke dai da aka yi ki kamar giginya sai ki yi ta gudu."

Anjalai ta juya. Ta jawo amalanken da ake dakon ƙanƙara, ta kira wasu maza biyu, suka ɗaga Tangam cak suka ɗora a kan jiƙaƙƙen buhu. Har aka kai makaranta tana zagin Anjalai da iyayenta da kakanninta, tana cewa sanyi ya kama mata ƙugu.

Lokacin da motar 'yan sanda ta shigo da lasifika tana cewa an yi babbar girgiza a ƙetaren teku, kowa ya bar gaɓa, ba ta samu wanda za ta gaya wa ba sai kaji. Gari duka yana kan rufin makaranta da cikin azuzuwan sama. Waɗanda ɗazu suke gunaguni suka fara neman wurin zama kusa da Anjalai, kamar ita ce za ta san abin da zai biyo baya. Ita kuwa ba ta zauna ba. Daga wannan kusurwa zuwa waccan take kai da kawowa, idonta a kan turken da ake iya hangowa kamar tsinke.

Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Rana ta dake su, yara suka fara kukan ƙishirwa, aka hau da ruwa a bokiti daga famfon makaranta. Wajen la'asar wasu maza suka ce za su sauka su ɗaure jirage su dawo, minti biyar kawai. Anjalai ta riga su zuwa matattakala ta zauna a tsakiya, ta baje ƙafafu. Ɗaya daga cikinsu, mijin Ponni ne ma, ya ce, "Inna, taru ne sabo, ko sau uku ba a jefa shi ba." Ta ce masa ta taɓa jin wani ya ce ƙusa biyu ce kawai. Duk garin an san maganar. Suka koma suka zauna. Jim kaɗan ƙasa ta sake ɗan motsawa, daga nan ba wanda ya sake zancen sauka.

Ruwan bai zo ba. Gab da faɗuwar rana rediyo ya ce an janye gargaɗin, kowa ya koma gida. Suka sauko a gajiye, suka tarar karnuka da hankaki sun gama da shanya, akuyoyi sun shiga gidajen da aka bari a buɗe. Wasu suka yi ta tsaki. Wata mata ta ce da an bar ta ta kulle ƙofarta da shinkafarta tana nan. Sinnatambi dai bai tara dattawa ba. Washegari ya sa aka sauke batirin jiniya aka tafi da shi gyara, ya kuma ce daga yau in Anjalai ta buga daro, a ɗauka shi ne ya buga.

Abin da ya dame ta ba surutun mutane ba ne. Ta gaya wa Tangam bayan kwana biyu, suna zaune suna tsaga sabon kifi. Ta ce lokacin da take kan rufin nan tana kallon ruwa, akwai wani ɓangare na zuciyarta da ya so ya ga farin layin nan ya taso, don kawai a san ba hauka take yi ba. Ta ce tun ranar take jin kunyar kanta. Tangam ta ci gaba da barbaɗa gishiri. Can ta ce ita ma ta so ya zo, ko don ya kwashe amalanken nan. Sannan ta ce mata ta daina zancen banza ta miƙo kwandon.

Ponni ta haifi 'ya mace bayan wata ɗaya. Kowa ya ɗauka jika za ta zaunar da Anjalai, amma ko arba'in ba a yi ba ta ɓullo da wata sabuwa. Ta ce ta yi ta tunani, ta ga a ruwan farko mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, kuma ba don komai ba sai don namiji tun yana yaro yake iyo, mace kuwa a bakin teku za a haife ta ta tsufa ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarta ba. Ta ce gudu yana da kyau, amma wadda ruwa ya riga ya cim mata fa? Dattawa suka ce wannan kuma ba a taɓa yi ba. Ta ce ta ji.

Akwai wani tafki a bayan ɗakin bauta, mai matattakalar dutse. Ta samo wata malamar makaranta 'yar cikin gari wadda ta iya iyo, ta lallashe ta har ta yarda ta riƙa zuwa ranar Lahadi. Makon farko mata huɗu ne suka zo, uku daga cikinsu kallo ya kawo su. Anjalai, da furfurarta, sanye da tsohuwar rigar mijinta da wandon da ta aro wurin Ponni, ita ta fara shiga. Ruwan yana kai mata ƙirji, warin baƙin ruwan nan ya dawo mata a hanci, ta riƙe hannun malamar har sai da malamar ta yi ƙara. Tangam tana zaune a matattakala ta sama da sandarta, tana ba duk mai wucewa labari cewa yau an jefa giginya a tafki ana jira a ga ko za ta yi iyo.

Malamar ta ce ta kwanta a kan ruwan ta saki jiki. Ta kwanta, ta nutse, ta taso tana tari, ruwa yana fita ta hanci. Matan da ke gefe suka kwashe da dariya, ɗaya daga cikinsu kuma, wata amarya, ta fara naɗe gashinta tana taka matattakala ta farko. Anjalai ta share fuska, ta tofar da ruwa, ta ce wa malamar ta sake riƙe mata ƙugu, wannan karon kada ta saki sai ta ce.